Faɗin Burtalin Baffa

Shekara huɗu fayil ɗin sabuwar unguwa ya yi yana kai da komo tsakanin Haɗeja da Kano, kuma yawancin tafiyar a hammatata ya yi ta. A lokacin ni ƙaramin malami ne a ofishin da ke kula da filaye, irin malamin nan da ba a tambayarsa ra'ayi sai dai a ce masa ɗauko, kai, kwafe. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, kuɗin mai ya fara shigowa, ma'aikata da malaman makaranta da 'yan kasuwa suka cika gari har cikin ganuwa ya rasa masaka tsinke. Ni kaina da matata da yara uku a ɗaki ɗaya muke haya. Sai manya suka yanke shawarar a yanka fulotai a tudun nan da ke tsakanin tsohuwar ganuwa da fadama.

Ta tsakiyar wannan tudu burtali ya ratsa, wato hanyar da shanu ke bi su gangara fadama da kogi. Kuma shanun Baffana suna cikin masu bin ta.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Mahaifina ya rasu ban yi wayo ba, shi ya ɗauke ni, shi ya ba da ni makaranta ranar da aka zo neman yaro ɗaya daga gidanmu. Ya yi yawon kiwo har ya gaji, gwiwa ta fara ba shi matsala, sai ya gina gida a gefen gari, garkensa a bayan gidan, ɗansa guda yana kora masa. Da safe shanu su bi burtali su sauka, da yamma su hauro. Dama da hagu duk gonakin mutane ne. In babu burtalin nan babu zaman Baffa a garin, wannan kowa ya sani, ni ma na sani. Kuma ba na son ya tashi. Kullum bayan la'asar nakan biya in zauna kusa da shi, ba wata hira muke yi ba, amma in ban je ba ranar ba ta cika mini.

Takardar farko da ta zo daga Kano ta ce ba za a amince da tsarin ba sai an bar abu biyu a taswira: filin shan iska, da hanyar shanu. Filin shan iskan nan ya sha dariya a wurin 'yan kwamitin rabon fulotai. Wani dattijo a cikinsu ya ce shi tun daga ƙofar gidansa har Kaugama bai ga abin da ya tare wa iska hanya ba, me za a ware mata fuloti? Amma ni zancen burtalin ne ya faranta mini rai. Da yamma na je na yi ta cika baki a gaban Baffa, wai yanzu hanyarsa za ta shiga takardar gwamnati, babu mahalukin da zai sake taɓa ta. Ya saurare ni yana murza igiya a cinyarsa, ya ce to madalla.

Safiyon da aka turo ya auna filin mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, mai gajeren wando da littafi a aljihun gaba. Ya sauka wurin wani malamin makaranta ɗan garinsu. Hausa a bakinsa kamar ruwa, kuma ban taɓa aiki da mutum mai tsantseni irinsa ba, ko goro ba ya karɓa sai an yi da gaske. Ya bayyana mini yadda aikinsa yake: faɗin hanya gwargwadon yawan masu bin ta. In shanu da yawa ne a bar ta da faɗi, in kaɗan ne a matse ta a ƙara fulotai. Don haka zai tsaya bakin burtali da sassafe ya gani da idonsa, ya tambayi masu shanu, ya rubuta. Aka haɗa shi da ni saboda ni ɗan gida ne.

Ana gobe za mu fita na je na shaida wa Baffa. Na ce gobe baƙo daga Kano zai tsaya ya ga shanu, a bar su duka su wuce, har na maƙwabta, kada a rage ko maraƙi. Na maimaita har sau uku. Ya ce ya ji.

Wallahi da na san halin mutanena yadda nake taƙama, da ban faɗa masa komai ba, da na bar safiyon ya zo musu ba zata. Mutanen nan tun kakanni ba su taɓa ganin mai littafi ya tsaya a kan shanunsu alheri ya biyo baya ba. Malaman jangali masu ƙirga shanu don haraji sun koya musu darasi guda, sun kuma haddace shi. Ban da haka ma, a wurinmu ba a faɗin yawan shanu. Kowace saniya an san ta da kamanninta da uwarta da kakarta, in ta ɓata tun daga nesa za a gane babu ita, amma a buɗe baki a ce guda kaza ne, wannan neman kambun baka ne. Na tashi a cikin wannan, na sha nonon wannan, amma 'yan shekarun da na yi a kan kujera suka sa na ɗauka magana uku ta isa ta kankare shi.

Muka iso bakin burtali rana na ɗagowa. Muka tsaya. Can sai ga wasu tsofaffin shanu ramammu suna tafe suna jan ƙafa, da 'yan maruƙa, da wani bijimi mai ɗingishi. Suka wuce. Muka ƙara tsayawa har hantsi ya dubi ludayi, shiru. Ashe tun kafin a kira assalatu duk masu shanun unguwar sun haɗa baki sun gangara da garkunansu, sun haye da su tsallaken kogi. Sai ga Baffa ya fito da sandarsa, da wasu dattawa biyu a bayansa, sun sha tsofaffin riguna, fuska a marairaice. Ni ko rigar nan ta jikinsa ban taɓa ganinta ba.

Safiyon ya gaishe su da ladabi, ya ce, "Baba, iyakarsu ke nan?"

Baffa ya ce, "Iyakar abin da Allah ya bar mana ke nan, ɗana."

Mutumin ba wawa ba ne. Ya dubi ƙasa. Sawun kofato ya cika wurin tun daga wannan shinge har wancan, ga kashin shanu ɗanye ko'ina, ƙuda na bi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai ɗan gida ne. Abin da na rubuta shi Kano za ta gani. Haka ne?"

Baffa bai dube ni ba. Ba ya bukata. Yana tsaye dogare da sanda, idonsa a kan gonar wani. In ce ba haka ba ne, na ƙaryata wanda ya rene ni a gaban baƙo da kuma gaban tsaransa. Na san abin da ke daidai, na san abin da zai biyo baya, babu abin da ya shige mini duhu a wannan safiya, kada wani ya yi mini uzuri. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne."

Ya rubuta. Dattawan suka dangwala yatsa, ni kuma na sa hannu a ƙasa a matsayin shaida.

Da yamma na je gidan Baffa ina tafasa, amma ina isa zaure na cire takalmi na durƙusa kamar kullum. Na yi bayani a hankali, na ce mutumin nan ba na haraji ba ne, hanya ya zo aunawa, yanzu ga shi za a matse ta. Baffa yana ta murmushi, shi a ganinsa sun yi nasara. Ya ce zaman ofis ya sa na fara yarda da mutane. Ya ce burtalin nan ya girmi ganuwa, shanu sun san hanyarsu, takarda ba ta da ƙafar da za ta zo ta tare su. Daga nan ya sa aka kawo mini fura, maganar ta mutu.

Sai aka shiga zaryar Kano. Kai, na gaji a shekarun nan, gajiyar da har yau ban huce ba. In hau mota zuwa Malam Madori, in jira jirgin ƙasa, in sauka Kano jiki duk ya yi tsami, in zauna a benci a baranda tun safe har a tashi. Mai sa hannu ya shiga taro. Mai sa hannu ya tafi gaisuwar mutuwa. Mai hatimi yana nan amma makullin durowa yana wurin wanda ya tafi hutu. Dawo jibi. Dawo bayan salla. An dawo mana da fayil ɗin saboda ba a shafa wa filin shan iska koren launi ba. An dawo da shi saboda kwafi uku muka kai, huɗu ake so. An sake dawo da shi saboda shugaban kwamitinmu ya canza, wai sai sabon ya sa hannu a kowane shafi. Wata damina motar da na shiga ta kafe a laka, ruwa ya jiƙa taswirar, na kwana biyu ina shanya ta a kan tabarma, aka ce a sake zana wata. Duk dawowar da za a yi da shi sai in buɗe da sauri ina fatan an yi tambaya a kan burtali. Babu wanda ya taɓa ɗiga masa ko alƙalami. Siririn layi ne guda biyu a gefen takarda, an rubuta hanyar shanu, kowa ya gani ya wuce.

A shekara ta biyu na yi ƙarfin hali na sami safiyon a ofishinsa na faɗa masa gaskiya. Bai yi mamaki ba, bai kuma yi mini faɗa ba, wanda da ya yi da na fi jin daɗi. Ya ce ya sani tun ranar. Ya ce gyara ɗaya ne: masu shanu su kawo sabuwar takarda da yatsunsu a kai, su faɗi yawan dabbobinsu na gaskiya, shi kuma ya dawo ya gani. Amma in sani, taɓa faɗin burtali yana nufin rushe layin fulotai guda, a sake zane, fayil ya koma ƙasan tari kamar yau aka kawo shi.

Na kai wa Baffa wannan magana. Ya ce wato da sun tsira, yanzu kuma su kai kansu da ƙafarsu? Ya ƙi. Na sake tuntuɓarsa sau ɗaya bayan wata biyu, ya sake ƙi, na bari. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ban matsa ba. Sunana yana cikin jerin waɗanda za a ba fuloti. Matata ta haifi na huɗu a ɗakin nan guda, in ruwa ya sauko sai mun tara kwanuka. Da na tuna a ce a koma farko, a sake wasu shekaru a bencin nan, sai na ja baya. Na ce wa kaina ai na faɗa masa, shi ya ƙi.

Ranar da amincewa ta zo an yi murna a ofis, aka raba goro, liman ya yi addu'a, shugaban kwamiti ya yaba mini a gaban jama'a har ya ce ƙafafuna ne suka gina unguwar. Aka fita aka kafa turakun siminti. Na je na tsaya tsakanin turakun burtali na buɗe hannuwana, saura kaɗan in taɓa duka biyun. Shanu biyu in sun jeru, to da ƙyar.

Shekarar farko babu abin da ya faru, domin turaku ba sa hana saniya wucewa. Garke ya ci gaba da bin hanyarsa yadda ya saba, yana tattake fulotan mutane, har da nawa. Baffa ya samu abin tsokana. In na zo gaishe shi sai ya ce ina takardar taka, Malam, ba ta fito kiwo ba yau? In yi dariyar yaƙe.

Sannan katanga ta fara tashi. Wani da bulo, wani da tubali, kowa ya ɗora ginin a kan turakensa daidai, wasu ma suka ɗan ci taki guda, wa zai hana su. Kafin damina biyu burtali ya zama lungu mai bango hagu da dama. Shanunmu kuwa masu ƙaho ne. Garken da yake wucewa kafin a gama shan koko ya koma sai ya kai hantsi yana turereniya, ga na maƙwabta a baya suna jira, ƙaho na kartar bango, maruƙa na kuka. 'Yan makaranta su kasa tsallakawa. Mata su kasa fita ɗiban ruwa. Wata saniyar Baffa mai ciki aka matse ta a bango ta yi ɓari, kwana uku ba ya cin abinci sosai. Da ruwa ya jiƙa katangar wani malamin asibiti, shanu suka goge ta, ta zube a kan banɗakinsa.

Can gefe kuwa ga filin shan iska, fili fetal, ciyawa kore shar a damina, an kafa allo an rubuta ba a kiwo. Shanu su wuce suna waiwayensa. Ban taɓa ganin wanda ya je ya zauna shan iskar ba, sai dai masu ƙwallo da yamma.

Ƙorafi ya yi yawa, kwamiti ya zauna, ni ne mai rubuta abin da aka tattauna. Masu gidaje ba su yi ƙarya ba, ko ɗaya. Suka ce an sayar musu da unguwa a kan cewa 'yan shanu kaɗan ne ke wucewa, ga shi a rubuce. Aka buɗe fayil aka karanto takardar safiyo, da yatsun dattawa, da sa hannuna. Shugaban ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Aka yanke cewa yawan shanun da ke rubuce su ne ke da izinin bin lungun, sauran a nema musu wata hanya. Wace hanya? Arewa gonaki, kudu gonaki, sai dai su yi fiffike.

Ni na buga takardar, ni na kai ta, kuma da yake Baffa ba ya karatun boko ni na karanta masa. Ya sa na maimaita. Na jira ya ce wani abu a kan ranar nan, ko ya zage ni, ko ya zagi kansa. Sai ya tambaye ni ko an gama yi wa ɗakina rufi. Na ce saura ƙofofi. Ya ce in sa masu ƙarfi.

Bayan an cire amfanin gona suka tashi. Sauran masu shanun wasu suka sayar, wasu suka yi wajen Miga. Baffa ya ce shi gabas zai yi, can cikin fadama inda ya yi kiwo yana saurayi. Na roƙe shi ya zauna a gidana, ɗansa ya tafi da garken, na ce na ware masa ɗaki a zaure. Ya dube ni kamar na yi wani yaren. Mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa kwana inda ba ya jin numfashin shanu ba. Aka ɗora shi a kan jaki saboda gwiwar, shi da yake cewa jaki na mata ne da kaya. Na raka su har bakin kogi. Ya ce, "Koma, Malam, za ka makara ofis."

Na tare a sabon gidana. Bangon bayansa shi ne bangon lungun, a kan turakena na gina shi, ban ci ko yatsa ba, in wannan abin alfahari ne. Shekarar farko na je wurin Baffa sau biyu, tafiyar yini biyu, mota da kwalekwale da ƙafa. Shekara ta biyu sau ɗaya. Ya rame, amma ya ce lafiya lau, ciyawa ta ishe su. Ta uku na ce sai ruwa ya janye, aiki ya yi yawa, an ƙara mini girma, ana yanka wata unguwar kuma.

Wata ranar kasuwa ina zaune a ofis aka ce wani masunci yana sallama da ni. Ya kawo banda ne daga gabas. Ya tsuguna ya yi mini gaisuwa, ya ga ban gane ba, sai ya rikice. Ya ɗauka na ji. Baffa ya rasu tun tsakiyar damina, lokacin da ruwa ya shafe hanyoyi, babu mai fita babu mai shiga. Su masuntan ne suka taimaka wa ɗansa aka yi masa sutura a wani ɗan tudu. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in. Ɗan nasa ya ba da saƙo ta bakin wani, saƙon bai iso ba, shi kuma ya kora shanun ya ƙara nausawa gabas.

Da ruwa ya ja baya na nemi hutun kwana huɗu, masuncin ya kai ni a jirginsa. Tudun ɗan ƙarami ne, ciyawa ta rufe shi. Mutum biyu aka binne a wurin a daminar, Baffa da wani baƙo da zazzaɓi ya kayar. Ruwa ya hau ya kwashe itacen da aka sa alama. Masuncin ya tsaya yana duban wannan yana duban wancan, ya ce yana jin na dama ne, sannan ya ce a'a, Allah ya gafarta masa, ba zai yi mini ƙarya ba.

Na tsuguna a tsakaninsu na yi wa duka biyun addu'a.